Aikin Sa-kai a Ƙauyen Wata Ƙasa: Tambayoyin da Ake Yawan Yi Mini

Ni malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare a nan Jos. Daga Satumbar 2017 zuwa Yulin 2019 na yi aikin sa-kai a wani ƙauye da ke gabashin Gambiya, can wajen Basse, kusan kilomita 370 daga Banjul. Tun da na dawo, da wuya in zauna a majalisarmu ta bayan la'asar a titin Bauchi, ko a ɗakin malamai, ba a jefo mini tambaya kan wannan tafiya ba. Wasu sha'awar zuwa suke yi, wasu kuwa so suke su gane abin da ya kai mutum mai aikinsa da iyalinsa garin da ko wuta babu. Ga tambayoyin da suka fi maimaituwa. Sunan ƙauyen da na ƙungiyar da ta tura ni na bar su a cikina, tunda ba talla nake yi wa kowa ba.

Ɗan sa-kai kuma? Irin masu shiga daji da bindiga?

Abin da gwaggona ta fara tambaya ke nan, hannu a ƙirji, ranar da na je yi mata sallama. Ba laifinta ba ne. In aka ce 'yan sa-kai a rediyo yanzu, masu farautar ɓarayin daji a Zamfara da Katsina ake nufi. Wanda nake magana a kai daban ne: malami ko nas ko malamin gona ya ware shekara ɗaya ko biyu, ya je wata ƙasa ya yi aiki babu albashi, ana ba shi abin da zai ci da inda zai kwana. A abin da muka sani, ya fi kama da bautar ƙasa da gwamnatin Janar Gowon ta kafa a 1973, sai dai ita dole ce, wannan kuwa kai ka kai kanka.

Ba Turawa ne kaɗai ke yin irin wannan ba?

Su suka fara yi wa abin tsari, kuma mu mutanen Jos muna da ɗan haɗi da tarihinsa. Wani Bature ɗan Birtaniya, Alec Dickson, shi da matarsa Mora suka kafa ƙungiyar tura 'yan sa-kai ta VSO a 1958. Kafin nan, a 1951, shi ne ya buɗe sansanin horar da matasa na Man O' War Bay a kudancin Kamaru, lokacin ana mulkin yankin tare da Nijeriya. Daga wannan tushe aka samu cibiyar horar da shugabanci da ke da reshe a duwatsun Shere, inda ake kai ɗalibai su yi ta hawan igiya. Shugaban Amurka John Kennedy ya kafa Peace Corps, ƙungiyar 'yan sa-kai ta Amurka, a Maris 1961, kuma a shekarar 'yan farko suka sauka Ghana da Nijeriya. A Jamhuriyar Nijar sun yi aiki daga 1962 har Janairun 2011, lokacin da matsalar tsaro ta sa aka kwashe su. Shi ya sa wani lokaci za ka gamu da dattijon Ba'amurke yana zuba Hausar Maraɗi ko ta Damagaram. Aikin Peace Corps wata 27 ne, uku na horo, sauran a wurin aiki, kuma sai ɗan ƙasar Amurka. Kada a haɗa ta da ƙungiyar nan ta gida mai irin sunan, ba abu ɗaya ba ne.

Amma mu ma muna turawa. A 1987, zamanin Janar Babangida, lokacin Farfesa Bolaji Akinyemi na ministan harkokin waje, Nijeriya ta kafa shirin TAC, wanda ke tura ƙwararru na shekara biyu zuwa ƙasashen Afirka da Karebiyan da tsibiran Fasifik. Malamai da likitoci da nas-nas da injiniyoyinmu sun yi aiki a Gambiya, Saliyo, Yuganda, Habasha, Jamaika, har Fiji. Ofishinsu na Abuja. Tarayyar Afirka ta ƙaddamar da nata shirin na matasa 'yan shekara 18 zuwa 35 a Abuja a Disambar 2010, na wata 12 ne. ECOWAS ma ta fara nata a 2010. Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa tana da nata shirin 'yan sa-kai, UNV, tun 1970, hedkwatarta a birnin Bonn na Jamus.

Ta ina ake nema, kuma nawa ne kuɗin fom?

Babu kuɗin fom. A shafinsu na intanet ake nema, ko a jira sanarwarsu. Duk wanda ya tare ka a WhatsApp ya ce ka turo naira 50,000 ya sa sunanka a jerin masu tafiya, ɗan damfara ne, ko da kuwa ya liƙa tambarin Majalisar Ɗinkin Duniya a saman takardarsa.

Abin da za ka tanada: fasfo mai sauran kwana, katin rigakafin cutar shawara, takardun makaranta, takardar shaidar hali daga 'yan sanda, da izini a rubuce daga wurin aikinka. Wannan na ƙarshen ya fi komai cin lokaci, don haka fara bin sa da wuri. In a Afirka ta Yamma ne, yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ka damar shiga ƙasashen ƙungiyar babu biza har kwana 90. Bayan nan sai da takardar zama, kuma wanda ya tura ka shi ya kamata ya tsaya maka a kanta. Tambaye su wannan tun kana gida.

Tsakani da Allah, ana samun kuɗi?

Ya danganta da wanda ya tura ka. A shirin TAC, Nijeriya ke biyan kuɗin jirgi da alawus, ƙasar da ta karɓe ka ta ba da masauki. Nawa alawus ɗin, na ƙungiya mai zaman kanta, dalasi ne ake ba ni, wato kuɗin Gambiya, daidai abin da zai kai ni ƙarshen wata. Na dawo da 'yan canji da tsarabar yara. Wanda ke lissafin fili a Rikkos ko ɗan Keke Napep, ya nemi wata hanyar.

Ya ranar farko ta kasance?

Daga bakin teku muka shiga gele-gele, wata doguwar motar haya da ake loda mata mutane a ciki, awaki da buhuna a sama. Mun wuni a hanya. Inda kwalta ta rabu da mu, amalanken jaki ne ya ƙarasa da ni da akwatuna biyu. Ni duk a zatona makaranta za a wuce da ni in ga aji. Hedimasta ya dube ni ya ce, "Malam, ina goronka?" Babu. Sai da aka aika yaro kanti ya sayo, aka ƙunshe a takarda, sannan muka nufi gidan alkalo. Kada sunan ya ruɗe ku, ba alƙali ba ne mai shari'a, mai gari ne.

Muka zauna a tabarma. Na miƙa wa hedimasta goron, ya miƙa wa wani dattijo, dattijon ya ajiye gaban alkalo. Maganar ma haka ta bi: in faɗa, hedimasta ya juya da Mandinkanci, dattijon ya maimaita da ƙarfi, alhali alkalo na zaune kamu uku daga inda nake, yana jin komai. Suka tambayi sunana, na ce Ibrahim, suka ce Ebrima. Suka tambayi sunan zuriyarmu, na ba su sunan mahaifina. Aka yi shiru, sai aka kwashe da dariya. A can kowa na da sunan dangi da ya gada tun kaka da kakanni, da shi ake gaishe ka, da shi ake sanin wa kake wasa da shi, kamar yadda Fulani da Barebari ke yi a nan. Mutum marar irin wannan suna kamar tukunya ce babu marfi. Nan take aka liƙa mini sunan gidan da za a sauke ni, aka nuna mini mai masaukina, aka raba goron, liman ya yi addu'a. Sai bayan kwana uku na taka aji.

A lokacin na ɗauka ɓata lokaci ne. Daga baya na gane duk abin da na iya yi a shekara biyun nan, a kan tabarmar nan aka ba ni izininsa.

Ai kai baƙar fata ne kuma Musulmi, ba sai ka saje ba?

Da wannan tunanin na tafi, kuma ya kusa kayar da ni. Gaskiya ne akwai sauƙi. Yara ba sa bina suna ihun "tubab" kamar yadda suke yi wa Turawa. Sallarsu irin tamu ce, Malikiyya ne. Dattawa da yawa sun san Kano ta hanyar mutanenmu masu zuwa Kaulaha, garin Shehu Ibrahim Inyass, wanda ke nan kusa a Senegal. Na kuma iso a shekarar da shugaban Gambiya Yahya Jammeh ya bar mulki, bayan shiga tsakanin da shugabannin ECOWAS suka yi har da Shugaba Buhari, don haka sunan Nijeriya na da ɗan farin jini.

Amma kamannin nan shi ne tarkon. Bature in ya yi kuskure, sai a ce bai sani ba. Ni in na wuce tsohuwa da sallama kawai ban tsaya ba, sai a ce girman kai ne, tunda ɗan gida ne ya san daidai. Gaisuwarsu ta fi tamu tsawo, mu da ake cewa mun cika gaisuwa. "Sumolu le?", wato ina mutanen gida, ka ce "Ibi je", suna nan, sannan a bi kowa ɗaya bayan ɗaya. Wata uku na yi ina yawo da ɗan littafi a aljihu ina rubuta kalmomi, yara na gyara mini baki. Ɗan Fillancin da na tsinta wurin masu tallar nono a Jos ya yi mini rana a rugagen da ke kewaye. Nasu ya bambanta da na nan, amma kosam nono ne, nagge saniya ce, ndiyam ruwa ne, can ma haka.

Ina ka kwana? Ruwa fa, da wuta?

Ɗakin ƙasa mai jinka, a cikin gidan mai masaukina, da ɗan kewaye a baya mai masai da wurin wanka. Ruwa daga famfon tuƙa-tuƙa na tsakiyar gari, in ya lalace a koma rijiya. Waya kuwa a kanti ake caji, wurin mai faifan sola.

Duk wannan bai dame ni ba, na yi zaman ƙauye a bautar ƙasa. Zafi ne ya gwada ni. Ɗan Jos da ya tashi a tudun da ya kai mita 1,200, wanda ke dafa ruwan alwala a Janairu, a kai shi inda Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40! Na koyi jiƙa zani in lulluɓa, na koyi fitar da katifa tsakar gida in ɗaura gidan sauro a jikin bishiyar mangwaro. Na kuma daina ganin laifin wanda ya kwanta a inuwa da azahar.

Abincinsu ya karɓe ka?

Shinkafa safe da rana da dare, in ban da lokacin da gero ya shigo. Akwai domoda, miyar gyada ce mai kauri, akwai benacin, dafa-duka ke nan. Zoɓonmu sunansa wonjo. A kwano ɗaya ake ci, kowa da gabansa, uwar gida na gutsuro kifi tana turo wa baƙo. Kada ka kai hannu tsakiya. Bayan abinci sai ataya, shayi irin na Buzaye, zagaye uku, yana cin awa biyu. Duk maganar gari a nan ake yanke ta, saboda haka wanda ya ce ba ya shan shayi ya cuci kansa. Abin da na yi kewa shi ne gwaten acca da dankalin Bokkos.

Shi aikin kansa fa?

Aji 7 zuwa 9 na koyar, daidai da ƙaramar sakandarenmu. Manhajar ba baƙuwa ba ce, tunda Gambiya na cikin ƙasashe biyar na WAEC tare da mu da Ghana da Saliyo da Laberiya. Matsalar harshe ce. Da Turanci ake koyarwa, yaro kuwa bai jin Turanci ko'ina sai a aji. Mako shida na farko ina ta cika allo, suna ta kwafa da kyakkyawan rubutu, na yi gwaji, kusan kowa ya faɗi.

Wani matashin malami ɗan garin, wanda bai riga ya je kwalejin horon malamai ba, shi ya cece ni. Ya ce, "Koto," haka suke kiran yaya, "yaran nan sun iya lissafi, ka je seko ka gani." Seko shi ne inda ake awon gyaɗa ana saye. Na je, na tarar da yaron da ya ci sifiri a gwajina yana tsaye gefen sikeli, yana lissafa wa babansa kuɗin buhu bakwai da abin da za a cire na bashin taki, a ka, kafin magatakarda ya gama danna na'ura. Daga ranar na koma kawo kwanon gyaɗa aji. Kaso cikin ɗari muka koya da bashin taki, riba da faɗuwa da kasuwar mako, wadda suke kira lumo. Ni in yi da Turanci, shi ya warware da Mandinkanci, sannan mu sa yara su mayar da Turanci. Kowace Lahadi da yamma mu zauna mu biyu mu tsara darasin mako. In aka ce in nuna aikin da na yi a can, zaman Lahadin nan zan nuna, don shi yana nan yana koyarwa, ni kuwa ga ni a Jos.

Wane kuskure ne ya fi tsaya maka a rai?

Lambu. Na tashi ina ganin yadda ake noman rani a bakin tsofaffin ramukan kuza, ana lodin kabeji da karas a Farar Gada. Da na ga fili a bayan makaranta da rijiya kusa, sai na ce ga abin da zan bar musu. Ban tambayi kowa ba. A Nuwamba na sayo iri da kuɗina, na sa yara suka yi kwami, muka shuka kabeji da karas da latas. Mata na wucewa da bokitai a ka, su tsaya su duba, su ce sannu da aiki, su wuce. Da ya yi kore shar, har hoto na ɗauka.

Wata Litinin na zo na tarar da ƙasa fayau, sai kashin awaki. An gama girbi an saki dabbobi, abin da kowane yaro ɗan shekara biyar a garin ya sani, kuma da a ƙauyenmu na tashi da ni ma na sani. Na je wurin shugabar kafo, wato ƙungiyar matan garin, raina a ɓace, na ce, "Inna, kuna gani ba ku faɗa mini ba?" Tana ɓarar gyaɗa, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Mun ga kana sauri, ɗana. Muka ce ƙila a ƙasarku awaki ba sa cin ganye."

Shekara ta biyu ita na fara samu, da goro. Ta ce shinge tukuna, kuma maza ne za su sari itacen, don haka sai an bi ta wurin alkalo. Ta ce kabeji ba mai saye a lumo, a sa albasa da kuɓewa da yakuwa da gauta. Su suka raba kwanakin ban ruwa. Nawa bai wuce sayen guga biyu da igiya ba, sai rubuta abin da aka sayar a littafi, wanda daga baya wata 'yar aji 9 ta karɓa.

Ba sa damunka da roƙo?

Suna yi, kuma finafinanmu sun gama gaya musu cewa kowane ɗan Nijeriya na da bene da mota uku. Ka sa wa kanka ƙa'ida tun watan farko. Tawa ita ce: buhun shinkafa ga gidan da nake duk wata, gudummawa a suna da biki da rasuwa daidai yadda malami ɗan gari zai bayar, taimako in rashin lafiya ce. Bashi kuwa ba na bayarwa. Sau ɗaya na karya, mutumin ya koma sauya hanya in ya hango ni, na yi asarar kuɗin da abokin gaba ɗaya.

Zan iya sa hotunan ƙauyen a Facebook?

A Oktobar 1961, wata budurwa cikin 'yan Peace Corps na farko da ke karɓar horo a Ibadan ta rubuta wa wani a Amurka katin gaisuwa, tana kwatanta ƙazanta da talaucin da ta ce ta gani. Katin bai kai akwatin gidan waya ba, ya faɗa hannun ɗalibai. Aka kwafe shi aka baza, aka yi zanga-zanga, labari ya kai jaridun duniya, ita kuwa ta bar ƙasar. Kati ɗaya ke nan, a zamanin da babu intanet. Yau ɗan mai masaukinka da ke Italiya zai ga abin da ka sa kafin ka ajiye wayar. Ka tambaya kafin ka ɗauka. Yaro marar riga, majiyyaci a asibiti, bayan gidan mutane, bar su. Ka tuna yadda ranka ke ɓaci in baƙo ya zo Jos bai ga abin ɗauka ba sai gidajen da suka ƙone.

In ciwo ya kama mutum fa?

Kafin ka sa hannu a takarda, tambayi abu uku: wa ke biyan kuɗin magani, wane asibiti ne mafi kusa, kuma wa zai fitar da kai in abin ya yi tsanani. Kwana cikin gidan sauro ba fashi, musamman daga Yuli zuwa Nuwamba. Zazzaɓi in ya zo, a gwada jini a ranar, kada ka ce ai ka saba da maleriya a gida. Ka tafasa ruwan rijiya ko ka tace, ka ajiye ƙunshin gishiri da sukari na gudawa. Mai hawan jini ko ciwon suga ko sikila ya faɗi gaskiya a gwajin likita, ƙauye ba wurin ɓoye ciwo ba ne.

Akwai kuma ciwon da ba a gwada shi a jini. Wajen wata na huɗu, ɗoki ya ƙare, harshe bai zauna ba, sai ka ji kana jin haushin kowa babu dalili. Kusan duk ɗan sa-kan da na yi hira da shi ya san wannan. Ni abin da ya fitar da ni, shiga ƙwallon yamma da samari da kiran gida ranar Juma'a.

Azumi da Sallah fa? In kuma mutum Kirista ne?

Azumin 2018 da na 2019 duk a Mayu suka kama, tsakiyar zafi. Ban taɓa sanin ƙishirwa ba sai a nan. Ƙaramar Sallah Korite suke ce mata, Babba kuma Tobaski. Kirista zai zauna lafiya, mutane ne masu haƙuri da baƙo, kuma na ga malamai Kiristoci da gari ya riƙe hannu biyu. Sai dai coci sai a manyan garuruwa, ƙila tafiyar awa guda ko fiye ranar Lahadi.

Mace za ta iya? Mai iyali fa?

Mata na yi, har sun fi mu shiga gari, don su ake bari su shiga madafa da ɗakin haihuwa, inda rabin labarin gari yake. Wata nas da muka tafi tare, a sashen uwar gidan alkalon garinsu aka sauke ta, kafin wata shida ta fi ni harshe nesa. Ta nemi a rubuta mata irin masaukin tun kafin ta tashi, kuma shawarar da zan ba kowace mace ke nan. Maganar iyaye da miji, a gama ta a gida da yardar kowa.

Mai iyali kuma ya zauna da matarsa su yi lissafi na gaskiya: kuɗin makaranta, haya, wa zai tsaya in yaro ya kwana da zazzaɓi. Ni ƙanena ne ya tsaya. Duk da haka, 'yata da na bari tana rarrafe, da na dawo ɓuya ta yi a bayan uwarta, ta yi mako tana kirana "mutumin nan".

Ba hanya ba ce ta tsallakawa Turai?

A'a. Wa'adi na cika za a ba ka tikitin gida. Abin da ma ya ba ni mamaki, su samarin can ta wajenmu suke bi. A lokacin da wuya ka shiga gidan da babu wanda ya kama hanyar Libiya ta Agadas. Wani da aka dawo da shi ya tare ni a kanti ya ce, "Ina kwana, maigida, babu kuɗi, akwai wahala." Hausar da ya koya ke nan a wata takwas a Agadas. Muka yi dariya, sannan ya nuna mini tabon da ke bayansa.

To, abin na da amfani kuwa, ko yawon buɗe ido ne da sunan taimako?

Akwai na banza, kuma ban ga dalilin ɓoyewa ba. Masu biyan kuɗi su zo mako biyu su yi wa aji fenti, aikin da mai fentin garin zai yi ya ci abinci, ko su je gidan marayu su rungumi yara su tafi, yaran su saba da wanda zai ɓace. Akwai kuma kwamfutocin da na gani a wata makaranta an lulluɓe da zani, wani ya kawo ya tafi, babu wuta, babu wanda aka koya wa. Ma'aunina guda ne: in an nemi ka zo, in akwai ɗan gari da kuke aikin kafaɗa da kafaɗa, in kuma za ka daɗe har ka iya gaisawa da tsohuwa da harshenta, to je ka. In babu ukun nan, kuɗin jirgin ya fi amfani a hannun hedimasta. Wanda kuma bai samu fita waje ba, makarantun ƙauyukan Wase da Kanam da Bassa na nan suna neman malamin lissafi, goro ɗaya ne, tabarma ɗaya.

Me zan sa a jaka?

Tocila mai sola, batirin cajin waya, takalmin roba mai ƙwari, maganin da ka saba sha, kwafin takardunka a leda. Hotunan iyalinka a wanke, don kowa zai tambaya, kuma waya na mutuwa. Yaji da daddawa da kuɓewa busasshiya, a ɗaure da kyau. Huluna zanna biyu ko uku na kyauta, dattawan can na son hular Nijeriya ƙwarai, alkalo da tawa ya je Idi. Kaftani mai sauƙi, ba shadda mai sitaci ba.

Rigunan sanyi kuwa ɗaya ta isa, don safiyar Janairu. Ni uku na ɗauka har da hular ulu, maman yara ta ƙara mini bargo mai nauyin kilo uku wai kada sanyin bakin kogi ya kama ni. Bargon ya yi shekara biyu a ƙarƙashin gado, ɓeraye suka haihu a ciki. Rigunan na bar wa mai gadin makaranta.